Sajen da ya ɓoye kakinsa: bin sawun wani ɗan Kukawa a takardun yaƙin basasar Amurka

A 1873 wata maɗaba'a a birnin Memphis na jihar Tennessee ta buga littafin wani malamin makaranta baƙar fata mai suna Nicholas Said, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa. A ciki ya ce a Kukawa aka haife shi wajen 1836, sunansa na yanka Muhammad Ali, mahaifinsa kuwa Barka Gana ne, kacallan Shehu Laminu, wanda Baturen nan Denham ya yi ta ambata a labarin tafiyarsa Borno. Ya faɗi yadda Buzaye suka kama shi yana yaro, aka sayar da shi a Katsina, aka biyo da shi ta Damagaram, aka ƙetare da shi Sahara zuwa Murzuƙ da Tarabulus. Daga nan sai Istanbul, sai Rasha, inda aka yi masa baftisma a birnin Riga a 1855 aka laƙaba masa Nicholas.

Abu ɗaya ne ya haɗiye. Mutumin nan ya yi kimanin shekara biyu sanye da kakin sojan gwamnatin tarayya a yaƙin basasar Amurka, har ya kai saje, amma a littafin babu ko kalma ɗaya a kan haka. Har shekarar saukarsa Amurka ya matsar zuwa ƙarshen 1867, bayan an daɗe da ajiye makamai, don kada tambayar ma ta taso.

Da a ce wani jikansa ya gaji littafin nan a akwatin kakarsa, zai iya rantsuwa cewa kakansa bai taɓa riƙe bindiga ba, tunda daga bakin mai shi ya ji. Shi ya sa muka ɗauki wannan lamari. Duk wani tarko da ke kama iyalin da ke neman kakansu soja a wancan yaƙi yana nan a cikinsa: maganar mutum da ta saɓa wa takarda, shekarun haihuwa marasa tabbas, runduna mai sunan wata jiha alhali sojan daga wata jihar ya fito, da takardun da wuta ta cinye.

Girman tarin da ake tonowa

An fara yaƙin ranar 12 ga Afrilu 1861 da harin Fort Sumter, ya karye bayan Janar Lee, babban kwamandan sojan Kudu, ya miƙa wuya a Appomattox ranar 9 ga Afrilu 1865. Sama da mutum miliyan biyu ne suka yi wa gwamnatin tarayya, wato Arewa, aikin soja. 'Yan awaren Kudu kuwa tsakanin 750,000 da miliyan ɗaya. An daɗe ana cewa mutum 620,000 ne suka mutu, har a 2011 wani masanin tarihi, J. David Hacker, ya sake lissafi daga alƙaluman ƙidayar jama'a ya kai adadin wajen 750,000. Kusan kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su, musamman atuni da zazzaɓin taifod. Wannan yana da amfani ga mai bincike: yawancin kakannin da ba su dawo ba a rajistar asibiti za a same su, babu su a jerin waɗanda suka faɗi a fagen daga.

Baƙaƙen fata kimanin 179,000 ne suka shiga sojan ƙasa na Arewa, wasu 19,000 kuma na ruwa. A watan Mayu 1863 Ma'aikatar Yaƙi ta buɗe musu ofishi na musamman, aka riƙa kiran rundunoninsu United States Colored Troops, ko USCT a taƙaice.

Wa za a nema? Duk namijin da aka haifa tsakanin wajen 1818 da 1847 ya cancanci a duba shi. Dokar tilasta aikin soja ta Arewa, ta watan Maris 1863, ta kama 'yan shekara 20 zuwa 45. Ta Kudu ta fara da 18 zuwa 35 a 1862, yaƙi na cin mutane ana faɗaɗa ta, har a 1864 ta koma 17 zuwa 50. Yara da dama sun ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su, dattawa kuma sun rage.

Bakin zaren

Ba daga 1861 ake farawa ba. Daga wanda ke raye ake farawa a yi baya: takardar haihuwa, ta aure, ta mutuwa, sai ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara goma, wadda ta 1950 ce ta baya-bayan nan da aka buɗe wa kowa. Ana bin gida ɗaya daga ƙidaya zuwa ƙidaya har a isa ga namijin da shekarunsa suka dace. Wanda ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye neman suna a jerin sojoji, to ya sayi wahala, domin sunaye irin su John Smith ɗaruruwa ne a jerin, kowanne kuma zai yi kama da naka.

Abin da ake so daga wannan mataki shi ne alama ɗaya tak da ke cewa mutumin ya yi soja. Ƙidayar 1910 tana da gurbi na musamman inda aka rubuta UA ga tsohon sojan ƙasa na Arewa, UN ga na ruwa, CA da CN ga na Kudu. Sai dai daga baya akawunan ofishin ƙidaya sun riƙa rubuta lambobin lissafinsu a kan gurbin, don haka lambar da aka gani a wurin ba amsar tambayar ba ce. Dutsen kabari ma shaida ne. Wanda gwamnati ta ba sojan Arewa kansa a lanƙwashe yake, da siffar garkuwa da aka sassaƙa a jikinsa, sunan mutum da rundunarsa a ciki. Na sojan Kudu kansa da tsini.

A lamarin Said, alamar ta fito ne daga mujallar Atlantic Monthly ta watan Oktoba 1867. Ta buga gajeren tarihinsa, wanda shi ya rubuta, inda ya ce ya sauka Amurka a farkon 1860. Wanda ya gabatar da rubutun kuma ya ce ya san shi ne lokacin da yake aiki a ɗaya daga cikin rundunonin baƙaƙe, ya ce ya shiga soja a shekara ta uku ta yaƙin yana da kimanin shekara 28. Ga rubutu biyu daga alƙalami ɗaya, sun saɓa da juna da kusan shekara takwas. Wanne za a ɗauka? Mujallar ta fito kafin ranar da littafin ya ce ya taka ƙasar Amurka. Mutumin da bai iso ba, ba za a ce an san shi a barikin soja ba. Ƙa'idar da ake bi a nan ita ce takardar da ta fi kusa da lokacin abin, wadda kuma mai ita ba shi da abin ɓoyewa a lokacin, ita ke gaba.

Dalilin ɓoyewar ba mai wuyar ganewa ba ne. A 1873 Said yana koyarwa a jihar Alabama, yana yawon sayar da littafinsa ga fararen fata na Kudu, mutanen da aka ci da yaƙi shekara takwas da suka wuce, a zamanin da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan ke ƙona makarantun baƙaƙe suna kashe malamansu. Baƙon malami daga Afirka abin kallo ne a wurinsu. Tsohon sajen Arewa kuwa abokin gaba ne. Iyalai da yawa na Kudu sun gaji irin wannan shiru, baƙaƙe da ma fararen da kakanninsu suka yi wa Arewa yaƙi. Kaka ta ce "ba mu da soja a gidan nan" ba ya rufe bincike.

Runduna da kamfani

Takardun aikin sojan wancan yaƙi bisa runduna aka jera su, ba bisa suna ba. Runduna ta sojan ƙafa tana da kamfani goma, kowanne mutum ɗari idan ya cika, da haruffa daga A zuwa K, ana tsallake J saboda tana kama da I a rubutun hannu. Ta mahaya dawakai kamfani sha biyu ce. Idan ba ka san lambar runduna, jiharta da harafin kamfani ba, kamar ka je Kano ne neman Malam Musa babu unguwa.

Hukumar kula da wuraren tarihi ta Amurka, National Park Service, tana da jerin sunaye kyauta a intanet mai suna Soldiers and Sailors Database, ɗauke da bayanai kusan miliyan 6.3. Adadin ya fi yawan sojojin duka, saboda wanda ya yi runduna biyu ya fito sau biyu, wanda akawu ya ɓata masa suna ya fito sau uku. Jerin ba ya ba da komai sai suna, runduna, kamfani da muƙami. Fihirisa ce kawai. A nan ake samun Said a Kamfani I na Runduna ta 55 ta Massachusetts. Idan suna bai fito ba, sai a gwada shi yadda kunnen Ba'amurken akawu zai ji shi, a sauya wasula, a musanya haruffan da ke kama da juna a rubutun hannu na da, kamar L da S, ko u da n.

Ga tarko na farko. Said ba mutumin Massachusetts ba ne, daga Detroit ta jihar Michigan ya taso ya je ya shiga. A farkon 1863 gwamnan Massachusetts, John Andrew, ya samu izinin kafa rundunar baƙaƙe, alhali baƙaƙen jiharsa ba su da yawa, sai ya baza masu ɗaukar kurata a faɗin Arewa, cikinsu har da Frederick Douglass, tsohon bawan da ya yi suna wajen yaƙi da bauta. Mutane suka yi ta tururuwa har Runduna ta 54 ta cika, aka kafa ta 55 da ragowar a sansanin Readville kusa da Boston, a watan Yuni 1863. Tarihin rundunar da jami'anta suka buga a 1868 ya lissafa mutum 980, daga cikinsu 222 haifaffun Ohio ne, 247 sun taɓa zama bayi. A layin Afirka, mutum ɗaya. Iyalin da ya tsaya neman kakansa a rundunonin jihar da ya zauna kaɗai zai ƙare da cewa bai yi soja ba.

Tarko na biyu shi ne sauya wa runduna suna. Runduna ta 1 ta Carolina ta Kudu ta koma ta 33 ta USCT. Rundunonin baƙaƙen Louisiana sun riƙe sunaye har biyu kafin su samu lambobinsu na ƙarshe. Tsoho zai gaya wa jikokinsa sunan da ya shiga da shi, takardunsa kuma suna ajiye a ƙarƙashin na ƙarshe. Ta 54 da ta 55 ta Massachusetts suna cikin 'yan ƙalilan da suka riƙe sunan jiharsu har ƙarshe. Littafin Frederick Dyer na 1908 ya bi kowace rundunar Arewa da sunayenta da inda ta je, shi ake buɗewa a warware wannan.

Ambulan ɗin soja

Da runduna a hannu, sai a nemi fayil ɗin aikin sojan, wanda ake kira Compiled Military Service Record, ko CMSR. Yana ma'ajiyar takardun ƙasa, National Archives, da ke Washington. Ya kamata a san yadda aka yi shi, domin a nan mutane ke ruɗewa. Ba a lokacin yaƙi aka rubuta shi ba. Wajen 1890 buƙatun fansho sun yi wa gwamnati yawa, rajistocin asali kuma suna yagewa saboda buɗewa, sai wani jami'i mai suna Fred Ainsworth ya sa ɗaruruwan akawuna suka bi su layi-layi. Duk inda sunan soja ya fito, a kwafe shi a kan dogon kati guda, a tara katunan mutum ɗaya a ambulan ɗaya. Kwafi ne, kuma akawun da ya wuni yana karanta rubutun hannun da ya dushe yana iya kuskure.

Katin da ya fi daraja shi ne wanda aka kwafo daga littafin siffanta kurata na kamfani: shekaru, tsawo, launin fata da ido da gashi, wurin haihuwa, sana'a, rana da wurin shiga. Sauran yawanci daga rajistar kiran suna ne, wadda ake yi duk wata biyu don biyan albashi. Kowane kati zai ce mutum yana nan ko ba ya nan, da ɗan bayani a ƙasa: yana asibiti, an tura shi wani aiki, ana bin sa kuɗin gorar ruwa ko jakar da ya ɓatar. Abin da ba kasafai ake samu ba shi ne sunan uba, uwa ko mata. Wanda ya biya kuɗi yana jiran ya ga salsalar gidansu a ambulan ɗin nan zai ji an cuce shi.

Na rundunonin baƙaƙe an ɗauki hotonsu, suna shafukan Fold3, Ancestry da FamilySearch. Jerin na Runduna ta 55 lambarsa M1801, na ta 54 kuma M1898. Wanda ba a sa a intanet ba ana neman kwafinsa da fom mai lamba NATF 86, kuɗin da aka daɗe ana karɓa dala 30 ne. Mutane da yawa suna aika wasiƙa cibiyar takardun soja ta St. Louis, ko su ji labarin gobarar da ta tashi can a 1973 su yanke ƙauna. Waccan gobara takardun sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa 1960 ta fi ci. Na yaƙin basasa ba su taɓa zama a can ba. A kuma lura, CMSR na 'yan sa-kai ne. Sojan dindindin da na ruwa rajistocinsu daban.

Takardun Said sun nuna ya shiga a 1863, ya zama saje, sannan a 1864 ya sauka daga muƙamin ya koma aikin asibitin runduna, aka sallame shi a 1865. Mai karatu da gaggawa zai ga an rage wa mutum girma ya ce laifi ya yi. A wannan karon shi ya roƙa da kansa. Haka nan kalmar gudun soja da ke firgita iyalai: sau da yawa mutumin yana kwance a wani asibiti ne ko yana hannun abokan gaba, magatakardan kamfani bai sani ba ya rubuta ya gudu. Sai an karanta katunan da ke biye kafin a yanke hukunci, wani lokaci ma gyaran yana cikin wata takarda da aka ƙara bayan shekara ashirin.

Wani kuskuren kuma na son zuciya ne. Runduna ta 55 ta bar Boston a watan Yuli 1863, ta yi zama mai tsawo a tsibirin Folly kusa da Charleston, ta gwabza a tsibirin James ranar 2 ga Yuli 1864, ta yi asarar mutane da yawa a Honey Hill ranar 30 ga Nuwamba 1864, ta shiga Charleston a watan Fabrairu 1865. Iyali sukan kwashe wannan jeri duka su rataya wa kakansu. Amma yaƙin runduna daban, na mutum daban. Wanda katinsa na Nuwamba da Disamba ya nuna yana aikin asibiti ko gadin kaya, ba za a rubuta masa Honey Hill ba sai da wata shaidar.

Akwai kuma abin da katunan ke nunawa ba tare da sun yi bayani ba. Wanda ya duba na mutanen 55 zai ga wata da watanni babu biyan albashi. An yi musu alƙawarin dala 13 a wata kamar kowane farabiti, gwamnati ta zo ta ce dala 10 ne, a cire 3 na tufafi. Suka ƙi karɓa. Jihar Massachusetts ta ce za ta cike gibin daga aljihunta, suka ce ba kuɗin ba ne, daidaito suke nema. Rai ya ɓaci a sansani har kotun soja ta yanke wa wani farabiti, Wallace Baker, hukuncin kisa kan yi wa jami'i tawaye, aka harbe shi a watan Yuni 1864, watan da majalisa ta zartar da dokar daidaita albashin. Sai a watan Oktoba kuɗin ya shiga hannunsu. Wanda bai karanta tarihin runduna ba zai ga guraben nan ya zaci sakacin akawu ne.

Fayil ɗin fansho, inda iyali suke

Abin da iyali ke nema na gaskiya, wato wa ya auri wa, wa ya haifi wa, a fayil ɗin fansho yake. Dokar 1862 ta ba da fansho ga wanda yaƙi ya nakasa da matan waɗanda suka mutu. Dokar 27 ga Yuni 1890 ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya yi kwana 90, aka sallame shi ba tare da laifi ba, kuma ba ya iya aikin ƙarfi, ko da nakasar ba ta yaƙi ba ce. A 1907 tsufa kaɗai ya isa. Saboda haka wanda ya dawo da lafiyarsa ya mutu kafin 1890 bai bar mata ko ƙananan yara ba, da wuya a same shi da fayil.

Fihirisa biyu ce. T288 bisa suna, T289 bisa runduna, kuma ta biyun ta fi amfani idan sunan na kowa da kowa ne. Katin yana ɗauke da ranar nema, lambar buƙata da lambar takardar amincewa. Idan gurbin ta biyun babu komai, an ƙi biya, amma fayil ɗin yana nan, kuma waɗanda aka ƙi sukan fi kauri saboda gardama. Idan matar mamaci ta nema, takardun mijin an haɗe su da nata, da lambarta za a nema. Idan an ga lamba mai harafin C ko XC a ƙasan kati, fayil ɗin ya daɗe a buɗe har cikin ƙarni na ashirin, yana iya kasancewa a hannun ma'aikatar tsoffin sojoji. Ana neman kwafi da fom NATF 85. Akwai zaɓi biyu: 'yan zaɓaɓɓun takardu a dala 30, ko cikakken fayil a dala 80 na shafi 100 na farko, ragowar a biya kowane shafi. Shawararmu a sayi cikakken. Takardar da za ta warware matsalarka galibi ba ta cikin waɗanda ma'aikaci zai zaɓa.

A ciki akwai rahoton likitoci, takardun rantsuwar abokan soja da maƙwabta, shafukan da aka yago daga Littafi Mai Tsarki na gida inda aka rubuta haihuwar yara, da tambayoyin da ofishin fansho ya aika wa tsoffin sojoji a 1898 da 1915 kan sunan mata, ranar aure da sunayen 'ya'ya. Ga zuriyar bayi babu kamarsa. Auren bayi doka ba ta san da shi ba, babu takarda, don haka sai matar ta kawo waɗanda suka ga ɗaurin auren, wani lokaci har da 'ya'yan tsohon ubangidan, su yi rantsuwa. Ofishin yakan turo mai bincike na musamman ya zauna da ita ya rubuta maganarta kalma-kalma. A nan ake samun sunan gandun da aka haife ta, wa aka sayar, ina aka kai shi. A nan ne kuma ake warware sunaye biyu, domin da yawa sun shiga soja da sunan ubangijinsu, bayan 'yanci suka koma na mahaifinsu. Duk katin da aka ga an rubuta suna biyu a kansa, a nemi kowanne daban.

Wannan yana da muhimmanci saboda ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A 1850 da 1860 sunan mai su kawai ake rubutawa, su kuwa shekaru, jinsi da launi. Abubuwa biyu ne ke taimakawa a haura wannan katanga ban da fansho. Rajistar bankin 'yantattu, Freedman's Savings Bank, wanda ya yi aiki daga 1865 zuwa 1874, tana da sunan iyaye, 'yan'uwa, mata da 'ya'ya, sau da yawa har da runduna da kamfani. Sannan a jihohin kan iyaka, masu bayi amma ba su ɓalle ba, irin su Maryland, Missouri da Kentucky, mai bawan da ya shiga soja yana iya neman diyya har dala 300, kuma takardun mallakar da ya kawo suna cikin ambulan ɗin sojan.

Ɓangaren Kudu a taƙaice: takardu da yawa sun ƙone lokacin da Richmond, babban birnin 'yan aware, ta faɗi a Afrilu 1865, katunansu da aka fara haɗawa a 1903 sukan yanke a ƙarshen 1864. Gwamnatin tarayya ba ta biya su fansho ba, jihohi ne suka biya, kuma jihar da tsohon ya zauna bayan yaƙi ake tambaya, ba wadda ya yi wa yaƙi ba. A duba ɓangarorin biyu ko da iyali sun rantse da ɗaya. Irene Triplett, wadda ta rasu a 2020, ita ce ta ƙarshe da ke karɓar fanshon wannan yaƙi, dala 73.13 a wata, kuma mahaifinta da sojan Kudu ya fara kafin ya tsere ya koma na Arewa.

Inda sawun ya dushe

Bayan sallama Said bai koma Arewa ba. Ya zauna a Carolina ta Kudu, ya bi ta Georgia da Florida yana koyarwa yana lacca, ya dire Alabama. Hotonsa cikin kaki yana ajiye a Massachusetts Historical Society da ke Boston, kuma kwamandan rundunarsa na farko, Kanar Norwood Hallowell, ya rubuta daga baya kan tsagar fuskarsa da harsuna tara da yake ji, daga Barbarci da Larabci har Rashanci da Italiyanci. Irin waɗannan shaidu a wajen ma'ajiyar gwamnati suke: ƙungiyoyin tarihi na jiha, littattafan tunawa na jami'ai, jaridun ƙananan garuruwa.

Mai bin tsohon soja a shekarun 1880 yana fuskantar babban rami. Gobarar da ta tashi a ginin Ma'aikatar Ciniki a Washington a watan Janairu 1921 ta lalata kusan dukan ƙidayar 1890. An yi wani jeri na musamman a shekarar na tsoffin sojojin Arewa da matan mamatansu, mai ɗauke da runduna, kamfani, ranar shiga da fita da nakasa. Abin da ya tsira daga cikinsa bisa haruffan sunayen jihohi ne, daga rabin Kentucky zuwa Wyoming. Na Michigan, Ohio, Massachusetts, Carolina ta Kudu da Tennessee suna nan. Na Alabama, Florida da Georgia, jihohi uku daga cikin waɗanda Said ya zauna, sun tafi.

Shekarar da aka fi ambata ta rasuwarsa ita ce 1882, a garin Brownsville na Tennessee, amma masu bincike na baya-bayan nan sun yi jayayya da ita. Tennessee da Alabama duk ba su fara rajistar mutuwa ta faɗin jiha ba sai 1908, don haka babu takardar mutuwa da za a aika a nema. Wuraren da suka rage su ne katunan duwatsun kabarin da gwamnati ta ba tsoffin sojojin Arewa tsakanin 1879 da 1903, rajistar gidajen kula da nakasassun sojoji, littattafan coci, takardun rabon gado a kotun gunduma, da jaridar garin ta makon da ake zato. A kowanne sai an ga runduna da kamfani, ko wata alama mai ƙarfi kamar wurin haihuwa, kafin a ce shi ne.